Darasin Kimiyya: Ƙurar Dutse, Huhun Ma'aikaci da Alhakin Kamfani

Ɗalibai, ku natsu. Darasinmu na yau a kan ƙurar da ke tashi ne idan an fasa dutse, an huda shi ko an niƙa shi. Za mu ga yadda take shiga jiki, ɓarnar da take yi, yadda ake auna ta, sannan abin da ya rataya a wuyan kamfanin da ya sa mutum aiki a cikinta.

Mu fara da sinadarin. Sunansa silika, haɗin silikon ne da oksijin, kuma shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi da ƙanƙarar dutse. Yashin da kuke takawa kullum bai cutar da kowa ba, domin ƙwayoyinsa manya ne. Haɗarin yana farawa lokacin da inji ya farfasa dutse ya koma gari mai laushin gaske. Ma'aunin da ake amfani da shi a nan shi ne mikiron: ku raba milimita ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne mikiron ɗaya. Kaurin gashin kan mutum ya kai wajen mikiron 70. Ƙurar da ke isa can ƙarshen huhu kuwa yawanci ba ta wuce mikiron huɗu zuwa biyar ba, ido ba ya ganin ƙwayarta ko kaɗan.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. Ku zuba yashi da yumɓu a kwalbar ruwa, ku girgiza, ku ajiye. Nan take yashi zai kwanta, amma ruwan zai daɗe da duhun yumɓu. Haka abin yake a iska, kuma akwai ƙa'idarsa da masanin lissafi George Stokes ya fitar: idan ƙwaya ta ragu da ninki goma, saurin faɗuwarta yana raguwa da ninki ɗari. Ƙwayar silika mai mikiron goma za ta sauko daga tsayin mita biyu cikin kamar minti huɗu idan iska a tsaye take. Mai mikiron ɗaya sai ta yi wajen awa shida. Ku rubuta wannan da kyau, domin ma'anarsa ita ce idan an tashi nakiya a rami, aka jira ƙurar da ido ke gani ta lafa, aka ce da leburori su koma, to sun koma ne cikin wadda ta fi kisa.

Allah Ya yi wa jiki matakan tsaro. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙwayoyi. Bututun iska yana da ƙananan gasu masu kaɗawa, su ne ke turo datti sama a fitar da shi da kaki. Abin da ya tsallake waɗannan sai ya faɗa cikin 'yan jakunkunan iska na ƙarshen huhu, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi, inda oksijin ke ratsa wata siririyar fata ya shiga jini. A nan akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon abu su narkar da shi. Ƙwayar cuta tana narkewa, silika ba ta narkewa. Sai ƙwayar garkuwar ta mutu, ta saki silikar tare da sinadaran da ke jawo kumburi, wata ta zo ta haɗiye, ita ma ta mutu. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru, ko da mutum ya bar aikin. Jiki kuwa yana rufe wurin da tabo, tabo ba ya miƙewa, iska ba ta ratsa shi. Wannan cutar ita ake kira silikosis. Mai ita yana fara haki idan ya hau tudu, daga baya ko alwala sai ta gajiyar da shi. Har yau babu maganin da ke mayar da huhun yadda yake.

Yawanci cutar tana bayyana ne bayan shekara goma ko fiye da shaƙar ƙura. Idan ƙurar ta yi yawa sai ta zo cikin shekara biyar zuwa goma, idan kuwa ta wuce misali, watanni ma sun isa. Tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, kuma tun 1997 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar silika cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara.

Yanzu lissafi. Ana auna ƙura da ɗan famfo da ake rataya wa ma'aikaci a ƙugu, da matata a kusa da wuyan rigarsa, ya yini da shi, sannan a kai matatar ɗakin gwaji. A Amurka, dokar da aka fitar a 2016 ta ce kada matsakaicin silika a awa takwas na aiki ya wuce mikirogiram 50 a kowace kubik mita ta iska, wato lita dubu. Mai aikin ƙarfi yana shaƙar kimanin kubik mita goma a yinin aiki. Hamsin sau goma, mikirogiram 500 ke nan, rabin miligiram. Iya abin da doka ta yarda ya shiga hancinsa ke nan a yini, abin da ko a tafin hannu aka ɗora maka da ƙyar za ka lura da shi. Ku kuma lura cewa a cikin lissafin babu gurbin launin fata, babu na matsayi, babu na cewa wane cikakken ma'aikaci ne wane ɗan kwangila. Yawan ƙura da tsawon lokaci kawai ake sakawa.

Na tsaya a kan wannan ne saboda abin da ya faru a jihar West Virginia ta Amurka. A 1930 aka fara haƙa ramin Hawks Nest, mai tsawon kusan kilomita biyar, domin karkatar da ruwan kogi zuwa tashar lantarki ta kamfanin Union Carbide. Kamfanin Rinehart and Dennis aka ba kwangilar. Dutsen kusan zallar silika ne. An san tun lokacin cewa huda dutse da ruwa yana kashe ƙura, amma hudawa a bushe ta fi sauri, ita aka fi yi. Manyan da ke shiga duba aiki suna sa takunkumi, leburori babu. Wajen mutum 3,000 suka yi aiki a cikin ramin, mafi yawansu baƙaƙen fata da talaucin wancan zamani ya koro daga kudancin ƙasar. Binciken majalisar dokoki na 1936 ya ambaci mutuwar mutum 476. Likita Martin Cherniack, da ya sake bin diddigin lamarin a littafinsa na 1986, ya ƙiyasta 764. Da aka zo sasantawa kan diyya, aka tsara ta hawa-hawa: baƙar fata marar aure dala 400, mai aure 600, farar fata marar aure 800, mai aure 1,000. Likitan da ya duba hoton huhun waɗannan mutane huɗu ba zai iya gaya muku wane ne wane ba.

A Afirka ta Kudu ma haka aka daɗe ana yi a ma'adinan zinari, inda tsarin diyya ya fifita Turawa, su kuwa baƙaƙen fata, da yawansu 'yan ci-rani daga Lesotho da Mozambik, idan ciwo ya kama su sai a sallame su su koma ƙauye. Wani tsohon mahaƙi, Thembekile Mankayi, ya kai kamfanin AngloGold Ashanti ƙara, kuma a 2011 kotun tsarin mulki ta ce yana da ikon neman diyya daga kamfanin, sai dai ya rasu kwanaki kaɗan kafin hukuncin. Wannan ya share hanyar ƙarar haɗin gwiwa da ta kai ga kamfanoni shida suka amince a 2018 su biya rand biliyan biyar, kotu ta tabbatar a 2019.

To me ya kamata ƙa'idar kamfani ta ƙunsa? Masana lafiyar wurin aiki sun jera matakan kariya daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Na sama shi ne a kawar da haɗarin ko a sauya kayan, kamar yadda Ostireliya ta haramta dutsen da ake sarrafawa a masana'anta don teburin kicin daga 1 ga Yulin 2024, bayan ya lalata huhun matasan masu yankansa. Sai gyaran na'ura: fesa ruwa a bakin abin huda, injin zuƙe ƙura, rufe injin niƙa. Sai tsarin aiki: rage awannin zama cikin ƙura, hana shara a bushe, wurin wanka da sauya tufafi, hoton ƙirji lokaci-lokaci tare da ba ma'aikaci sakamakonsa a hannu. Takunkumi shi ne na ƙarshe, domin yana aiki ne kawai idan irin da ya dace ne kuma ya kama fuska sosai. Gemu ma yana hana shi kamawa, ƙyalle ko bakin rawani kuwa ba sa tare ƙwaya mai mikiron biyu. A ganina kamfanin da ya raba takunkumi ya tsaya nan ya zaɓi mataki mafi araha ne, wanda idan ciwo ya zo zai iya cewa ma'aikacin ne bai sa ba. Ƙa'idar kirki kuma dole ta game ɗan kwangila da mai aikin wucin gadi, tunda su ake turawa inda ƙura ta fi yawa, ta kuma ba kowa damar kai kuka ba tare da tsoron kora ba.

A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya aminci da lafiya a wurin aiki cikin haƙƙoƙin ma'aikata na asali. A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin albashi a asusun NSITF, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cutar aiki. Matsalar ita ce yawancin masu fasa dutse da masu niƙa dutsen zinari a yankinmu ba su da takardar ɗaukar aiki, balle a san da su a asusun. Kun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Gubar dalma ce ta yi wannan ɓarnar, tana kisa da wuri shi ya sa aka gane ta. Silikar da ke cikin ƙurar nan guda ta shiga huhun iyayensu, ita kuwa yawanci sai an shekara goma take nuna kanta, a lokacin da za a ce wane tarin fuka ke damunsa.

Aikin gida. An rataya wa wani mai huda dutse famfon awo, aka sami mikirogiram 400 a kowace kubik mita. Ku lissafa abin da yake shaƙa a yini ɗaya, sannan ku faɗi cikin minti nawa yake cinye kason awa takwas da dokar Amurka ta yarda da shi. Ku kawo tare da kwalbar gwajinku, kowa ya rubuta lokacin da ruwansa ya ɗauka kafin ya washe.