Darasi na 14: Doguwar Tafiya a Kwalekwale

A shekarar 2015, wani masanin tsuntsaye, Steve Boyes, ya tashi da abokansa daga tsaunukan Angola. Suka bi kogin Cuito, sannan kogin Okavango, a kwalekwale har ƙasar Botswana. Sun yi kwana 121, sun ci kilomita kusan 2,400. Wata rana dorina ta kife musu jirgi.

Me ya kai su? Sun je ƙidayar kifaye da tsuntsaye ne, don a kare kogin. In mafarin kogi ya ƙafe, masunta da giwaye duk za su rasa ruwa.

Yara, mu ma a Yawunde muna da kogin Mfoundi. Kada mu zuba masa shara.

Kalmomi
kwalekwale: pirogue
dorina: hippopotame

Tambayoyi
1. Kwana nawa suka yi?
2. Wa zai wahala in kogi ya ƙafe?