Yadda A Ke Kwatanta Ƙirgen Mutane Da Na Gidaje

Sau da yawa akan nemi Hakimi ya faɗi ko jama'ar ƙasarsa ta ƙaru, gama bisa yawan mutane a ke duba inda za a gina makaranta, ko ɗakin shan magani, ko rijiya. Malamin Hakimi kan ɗauko lissafin ƙirge biyu, ya ɗebe ƙarami daga babba, ya ce saura ita ce ƙaruwa. Wannan hanya ba ta isa ba. Wanda ya auna gero bara da mudu, bana kuwa da tiya, ba zai san wace shekara ta fi albarka ba. Akwai abubuwa huɗu da ya wajaba a duba tukuna.

1. Iyakar ƙasa

Lokacin ƙirgen 1952 da na 1963, ƙasar Bagudo tana cikin En'e ta Gwandu, a Lardin Sakkwato. A 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato, sa'an nan a watan Agusta na 1991 aka yanke Jihar Kebbi. Saboda haka ba a ajiye lissafin Lardin Sakkwato kusa da na Jihar Kebbi, don ba ƙasa ɗaya aka ƙirga ba. Amma ƙirgen 1991 ya sami mutum 2,068,490 a Kebbi, na 2006 kuwa 3,256,541. Waɗannan biyu suna kwatantuwa, gama jihar ɗaya ce, ƙaruwar kuwa ta ɗara uku cikin ɗari kaɗan a kowace shekara. Ƙaramar Hukumar Bagudo an same ta da mutum wajen 238,000 a 2006. Kafin a gwada wannan da tsohon lissafin gunduma, kamar na Illo ko Ka'oje ko Zagga, sai a bi sunayen ƙauyuka ɗaya ɗaya, a tabbata waɗanda ke cikin na da su ne cikin na baya.

2. Lokacin ƙirge

A 1991 da 2006 an rubuta mutum ne a inda aka tarar da shi. Na 1991 an yi shi cikin Nuwamba, watau da kaka, manoma suna gida. Na 2006 kuwa cikin Maris, da rani, sa'ad da samari da yawa sun tafi cin rani, Fulani kuma sun gangaro da shanu fadamun Kogin Kwara. Ƙauyen tudu ya iya raguwa a takarda, na bakin kogi ya ƙaru, alhali kuwa ba wanda ya yi ƙaura.

Haka kuma batun iyaka. Jamhuriyar Benin, wadda a ke kira Dahome kafin 1975, ta yi nata ƙirge a 1979, da 1992, da 2002, da 2013. Babu ɗaya da ya zo shekara guda da na Nijeriya. Mutanen Tsamiya da na Segbana kuwa suna cin kasuwa tare, suna auratayya, makiyaya suna ƙetarawa da dawowa. Mutum ɗaya ya iya shiga lissafin ƙasashen duka biyu, wani kuma ya kuɓuce musu duka. Don haka ba a haɗa jimlar tsallaken nan da ta tsallaken can.

3. Ma'anar gida

Ƙirgen 2006 shi ne aka sa wa sunan ƙirgen mutane da gidaje, aka tambayi irin gini, da yawan ɗakuna, da inda a ke ɗibar ruwa. A wurin masu ƙirge, iyali shi ne waɗanda ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya. A wurin dagaci kuwa, gida shi ne abin da ke bayan zaure ɗaya. Idan uba da 'ya'yansa uku sun raba gandu, dagaci zai ce gida ɗaya, mai ƙirge ya rubuta iyali huɗu. Dukansu sun yi daidai, amma ba abu ɗaya suka ƙirga ba.

4. Asalin lissafi

Ƙirgen 1931 a Arewa yawancinsa daga littattafan haraji aka tsamo shi. Littafin haraji kuwa baligai maza ya fi kula da su, kuma sananne ne mutane kan ɓuya don gudun biya. Ƙirgen 1962 da na 1973 Gwamnati ta soke su, ba a kafa hujja da su. Na 1963 an karɓe shi, amma an yi gardama ƙwarai a kansa. Shi ya tambayi addini da ƙabila, na 1991 da na 2006 ba su tambaya ba.

Abin da ya kamaci Malamin Hakimi

Duk lissafin da zai shiga rahoto, a rubuta shekararsa, da watan da aka yi shi, da ƙauyukan da ya ƙunsa, da ko mutane ne, ko iyali, ko gidaje. Inda ƙirge biyu suka saɓa cikin ɗayan waɗannan, a rubuta kowanne dabam, a bayyana dalili. Hakimi kuwa kada ya sa hannu sai ya ga an cika waɗannan, gama lissafin da ya karkace yakan kai rijiya inda ba a bukatarta, ya bar masu ƙishirwa.