Nauyin bayan jigo

Yara, kun taɓa ganin jigo? A da, da shi masu lambu suke ban-ruwa a bakin Gulbin Maraɗi. Yanzu injuna sun karɓi aikin, kamar yadda kuke gani a Jiratawa, amma tsofaffi ba su manta da shi ba.

Ga yadda yake. Ana kafa gwafa biyu kusa da rijiya, a gitta itace a kansu, a ɗaura doguwar sanda bisa itacen. A gaban sanda akwai igiya da guga. A bayanta an manna dunƙulen laka ko dutse. Ruwa lita 10 nauyinsa kilo 10 ne. Wanda ya jawo shi da hannu sau ɗari, bayansa zai gaya masa. Amma mai jigo yana jan igiya ƙasa ne, guga ya cika, ya sassauta hannu, laka ta sauka, ruwa ya hau.

Da Faransanci sunan wannan laka contrepoids. Da Ingilishi kuwa counterweight ake cewa. Kalma biyu ce aka haɗa: counter, wato mai tsayayya da wani, da weight, wato nauyi. Ƴar'uwarta ita ce counterbalance. In ana nufin aikatawa, sai a ce offset.

Akwai kuma neutralize, amma ku lura, ba ɗaya ba ne. Ita tana nufin kashe ƙarfin abu, kamar yadda allurar asibiti take kashe dafin maciji. Laka ba ta kashe nauyin ruwa. Yana nan, ta dai tare shi. In ta yi kaɗan, guga ya gagari mai lambu. In ta yi yawa, da ƙyar zai sauko da guga cikin rijiya.

Ana aron kalmar don mutane ma. A da, a sarautar Katsina ta Maraɗi, manya huɗu ne suke zaɓen sarki: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durbi. Sarki yana da iko, amma ba ya yin gaban kansa, don suna iya tuɓe shi. Mai rubuta tarihi da Ingilishi zai ce su ne counterweight na sarki.

Aiki
1. Ku zana jigo, ku rubuta sunan kowane sashe da Hausa da Faransanci.
2. A sikelin mai awo a kasuwa, me yake tare nauyin kaya?