Ƙwan Fitila da Aljihun Ofis: Jan Hankali ga Ma'aikatan Kawo

Jama'a, in kun bi ta gadar Kawo da hantsi, ku ɗan leƙa barandar ofisoshi da shagunan da ke bakin titi. Rana ta take, amma ga ƙwan fitila can yana ci, ba wanda ya damu da shi. Wannan wuta da ke ƙonewa a banza kuɗi ce, kuma wani ne zai biya.

A da, zamanin NEPA, ana kawo takardar kuɗin wuta bisa ƙiyasi, kowa ya yi sakaci. Yanzu mita mai kati ta shigo, kowane yunit sai an saya. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu layin Band A zuwa naira 225. In kuma aka ɗauke wuta, sai a koma janareta, ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023.

Ina bambancin ƙwai da ƙwai?

Tsohon ƙwai mai zare a ciki, wanda in masinja zai kwance shi sai ya naɗe hannu da tsumma, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayarwa, ba haske ba. Ga zafin bazara, ga zafin ƙwai, fanka da na'urar sanyaya ɗaki su yi ta fama. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Tsohon yakan yi awa 1,000 ya mutu, LED na ƙwarai kuwa yakan haura awa 15,000. Doguwar fitilar nan ma mai ƙifta ido da ƙugi kamar sauro, mai wat 36, ana iya sa ta LED mai wat 18 a gurbinta.

Mu yi lissafi. A ce ofis yana da ƙwai 20, ana kunna su awa 8 kullum, kwana 22 a wata. Tsofaffin za su sha yunit 211, sababbin kuwa yunit 32. Rarar yunit 179 ke nan. A farashin naira 225 na Afrilun 2024, sama da naira 40,000 ta tsira kowane wata.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, a ƙirga ƙwayayen ofis, a fara canza na baranda da na tsaro, waɗanda ke kwana a kunne. Na biyu, a duba kwali a ga adadin wat da yawan haske, a saya a wurin mai ba da garanti, don araha ba ta ado. Na uku, kada a fasa matattun dogayen fitilu ko a bar wa yara su yi wasa da su, akwai sinadarin makuri mai guba a cikinsu. Na huɗu, a buɗe labule da safe, hasken rana ba shi da mita.

Malam ma'aikaci, kada ka ce kayan gwamnati ne ko na mai gida. Kuɗin da wuta ta cinye, shi ne aka rasa wajen gyaran famfo da sayen takarda. In kai ne na ƙarshen tashi, kafin ka miƙa wa mai gadi mabuɗi, ka waiwaya ka danna makunni.