Yadda oga ya tayar da saba daga Maradun ba tare da ya taɓa ta ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kafe a cikin garin Mafara yana jiran fotal ya buɗe ya yi rajistar kwasa-kwasai, ya san zafin kalmar nan "saba ta faɗi". Wannan darasi a kan abin da ke bayan kalmar ne, kuma na koye shi ne lokacin da na yi SIWES a wani kamfani a Kano.

Wata Juma'a da daddare ɗaya daga cikin sabobinmu ta daskare. Ogana ya tafi gida Maradun ɗaurin aure, ni kaɗai aka bari. Na kira shi jikina na rawa, ya ce: "Ƙanena, kar ka taɓa komai, zauna ka kalla." Cikin minti goma na ga fitilar sabar ta mutu ta sake kamawa da kanta. Shi ne ya kashe ta ya kunna daga laftof ɗinsa. Da ya dawo na tsare shi da tambayoyi, ga abin da na fahimta.

Mece ce saba ta biled?

Saba ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, wasu na kiranta uwar garke. Ta biled siririya ce, ana zura ta cikin wani babban akwatin ƙarfe kamar yadda ake jera littattafai a kanta. Kamfanin RLX na Amurka ne ya fara sayar da irinta a 2001. Akwatin HP c7000, irin wanda na gani, yana ɗaukar biled har 16, da na'urorin ba da wuta 6, da fankoki 10. Kowace biled tana da kwakwalwarta da ram ɗinta, amma wuta da sanyaya da hanyar sadarwa duk na tarayya ne. Amfanin shi ne rage wayoyi da wuri. Haɗarin kuma, idan akwatin ya samu matsala, saba 16 ne a cikin hatsari lokaci guda. Shi ya sa aka gina shi da kariya iri biyu.

Kariya ta farko: ƙofar baya

A jikin kowace biled akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta da ake kira BMC. HP na kiran tata iLO, Dell kuma iDRAC. Matuƙar akwai wuta a akwatin, tana farke, ko da sabar a kashe take, ko Windows ko Linux ɗin ya daskare. Ta nan injiniya zai ga allon sabar kamar yana gabanta, ya kashe, ya kunna, ya duba zafi da gudun fanka, har ya saka sabuwar manhaja daga nesa. Ƙa'idar da aka daɗe ana amfani da ita ita ce IPMI, wadda Intel da wasu kamfanoni suka fitar a 1998, sannan Redfish ta biyo baya a 2015. Ta wannan ƙofa oga ya shigo daga Maradun.

Kariya ta biyu: komai da madadinsa

Idan akwati na buƙatar na'urorin wuta uku, aka sa huɗu, wannan shi ne N+1: ɗaya ta mutu aiki ya ci gaba. Idan aka sa shida, uku a layin wuta ɗaya, uku a wani layin daban, shi ne N+N. Fanka da faifan ajiya ana zare su a sa sabbi ba tare da an kashe saba ba. Faifai biyu a tsarin RAID 1 suna ɗauke da bayanai iri ɗaya. Ram mai ECC kuma tana gyara ƙaramin kuskure da kanta. Don ku gane lissafin: sabar da ke aiki kashi 99.9 cikin ɗari na shekara tana tsayawa kusan awa 9 ke nan, mai 99.99 kuwa kusan minti 53 kacal.

Inda gizo ke saƙar

Da oga ya buɗe min rahoton da na'urar ke ajiyewa, sai muka ga wata na'urar wuta ta mutu makonni uku da suka wuce, ba wanda ya lura. Sabar ta yi ta aika gargaɗi zuwa imel ɗin wani ma'aikaci da ya bar aiki. Wannan daidai yake da direban da ya ɗauko fasinja daga Mafara zuwa Bakura, tayar safayarsa ba iska. Madadin da ba a dubawa ba madadi ba ne.

Abu na biyu ya shafe mu kai tsaye. Mun tuna watan Satumba na 2021 lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Da a lokacin sabar ta daskare, iLO ɗin na farke amma oga ba shi da hanyar isa gare ta. Don haka dole a horar da wani a kusa, a rubuta masa matakai a takarda.

Abu na uku shi ne tsaro. Wanda ya samu shiga BMC ya mallaki sabar gaba ɗaya. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita, a ware mata layinta daban, kar a buɗe ta kai tsaye ga intanet, a shiga ta VPN kawai.

Shawarata gare ku

Idan Allah Ya kai ku wurin SIWES, kar ku tsaya shara da ɗaukar fayil kawai. Ku roƙi a nuna muku shafin iLO ko iDRAC, ku yi tambayoyi uku: Ina gargaɗi yake zuwa? Yaushe aka gwada zare na'urar wuta ɗaya aka ga saba ta ci gaba? Idan netwok ya ɗauke, wa zai shiga ɗakin? Ni ranar da na yi waɗannan tambayoyi oga ya fara ba ni makullin ɗakin saba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kawo mana zaman lafiya a jiharmu, amin.