Mudun Gaskiya: Yadda Mai Bi Zai Auna Baiwarsa

Ya kai ɗan'uwa, sabon shiga cikin hanyar Yesu Almasihu, ka sani Allah ba ya kiran mutum cikin ikilisiya ya bar shi hannu wofi. Cikin Romawa 12:6-8 Manzo Bulus ya lissafta baiwa bakwai, watau annabci, da hidima, da koyarwa, da gargaɗi, da bayarwa, da shugabanci, da jinƙai. Amma kafin wannan, a aya ta 3, ya umurci kowa ya fara auna kansa bisa gaskiya.

Ga kuskure biyu. Na fari shi ne mutum ya ƙara wa kansa. Ga wanda bai iya haɗa baƙi sosai ba, amma yana marmarin wa'azi domin a gan shi a gaba. Jama'a su koma gida da yunwa, shi kuwa yana murna. Na biyu shi ne mutum ya rage wa kansa. Ga mace wadda ta iya sulhunta masu faɗa, amma kullum tana cewa ita ba kome ba ce. Wannan ba tawali'u ba ne; bawan nan na Matiyu 25 da ya binne kuɗin ubangidansa, hukunci ya samu. In mai awo a kasuwar Gwaram ya taɓa mudunsa, ko ya faɗaɗa shi domin saye, ko ya dunƙule gindinsa domin sayarwa, duka algus ne. Hakanan ya ke ga mai awon kansa.

To, ƙaƙa za ka sani? A Birnin Kudu akwai duwatsu masu amo, waɗanda Bature Bernard Fagg ya bincika a 1955. Da ido duk ɗaya su ke da sauran duwatsu. Sai an buga kana a ji muryar kowane. Kai ma sai an gwada ka.

1. Ka karɓi ƙaramin aiki, ko sharar ɗakin sujada, ko gaida marar lafiya, ko koya wa yaro karatu, ka riƙe shi har damina ta zago.

2. Ka duba amfaninsa. Yaron ya iya karatu? Marar lafiyan ya sami ta'aziyya? Daɗin da ka ji ba shaida ba ne.

3. Ka tambayi dattawan ikilisiya biyu ko uku waɗanda ba su jin tsoron fuskarka, ka haƙura da amsarsu ko da ta yi ɗaci.

Kada ka yi mamaki in baiwarka ta fito inda ba ka zata ba. Walter Miller likita ne sa'ad da ya zauna a Zariya a 1905, amma abin da aka fi tuna shi da shi, shi ne juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. Ba kuwa shi kaɗai ya yi ba, sai da taimakon waɗansu, Turawa da Hausawa.

Ikilisiyoyinmu na ƙauyuka ƙanana ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. In ka tsaya a wurin wani, aiki biyu sun ɓaci, naka da nasa. Maƙwabta kuma suna kallo. Saboda haka cikin makon nan ka karanta 1 Korintiyawa 12, ka yi addu'a, ka tafi wurin dattijo ka roƙe shi aiki guda.