Darasi: Ƙofofin majami'a da abin da doka ta ce

A ranar 8 ga Nuwamba 2021, gobara ta tashi a wata makaranta a Maraɗi, inda ajujuwan na zana ne. Yara aƙalla 25 suka rasu. Bayan haka gwamnatin Nijar ta hana ajiye ƙananan yara a ajin zana. A Agusta 2022 kuma, wutar lantarki ta haddasa gobara a wata majami'a a Giza ta ƙasar Masar ana cikin sujada, mutum 41 suka mutu, da yawa saboda hayaƙi da turereniya wajen fita.

Mu a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe mun fi damuwa da bango da kwano idan muna gini. Ƙofa sai daga baya. Amma Ka'idar Gini ta Ƙasa, wadda Nijeriya ta fitar a 2006, ta ware wuraren taruwar jama'a daban, ta kuma yi tanadi a kan hanyoyin fita. Izinin gini yana hannun jiha, don haka kafin a aza harsashi, dattawan ikkilisiya su tuntuɓi hukumar tsara birane da ta kashe gobara ta Jihar Sakkwato. Ko Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ɗora wa mai gida alhakin kange rufin soronsa don kada wani ya faɗo.

A ƙasashe da dama, ɗakin da ke ɗaukar mutum 50 ko fiye dole ya sami ƙofa biyu nesa da juna, masu buɗewa waje. Dalilin a fili yake: idan jama'a suka firgita suka danno, ƙofar da ke buɗewa ciki ba ta buɗuwa, ko da ƙato ne ya kama ta.

Ga inda wuyar take. Saboda rashin tsaro mun sa ƙarfe a tagogi, wasu kuma suna datse ƙofar baya da kwaɗo lokacin sujada. Tsoron na da dalili, amma sakata ta ciki wadda yaro zai iya zarewa ta fi kwaɗon da mabuɗinsa ke aljihun mutum ɗaya. Kada a tare hanya da benci ko buhunan tallafi, kuma janareta da jarkar fetur su zauna waje.

Ranar Lahadi mai zuwa, bayan an tashi, mu duba agogo: minti nawa muke ɗauka kafin kowa ya fita, har tsofaffi da 'yan makarantar Lahadi? Wace ƙofa ce ba a bi ba, kuma me ya hana?